Inzayim Ɗin da Ke Ba Ƙwaro Damar Girma: Yadda Ake Haɗa Homon a Jikin Ƙwari

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan abu da kuke gani a tafin hannuna yana da ƙafafu shida da gurbin idanu, amma babu rai a cikinsa, domin saɓar fara ce. Na ciro ta ne daga jikin karan dawa a wata gona da ke bakin fadamar Argungu, kuma idan kun lura da kyau za ku ga tsaga a gadon bayanta, inda mai rigar ta zame ta fita ta bar ta a maƙale. Ƙwaro ba shi da ƙashi a cikin jiki kamar yadda muke da shi. Ɓawon da ya lulluɓe shi daga waje shi ne ƙashinsa, shi kuwa ɓawon da zarar ya yi tauri ba ya ƙara faɗi. Saboda haka babu yadda ƙwaro zai girma sai ya ƙera sabon ɓawo a ƙarƙashin tsohon, ya narkar da cikin tsohon ya tsotse abin da zai amfane shi, sannan ya tsaga ya fito. Tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara tabbatar da shigowarta Afirka a farkon 2016 a kudancin Nijeriya, takan bi matakai shida tana tsutsa kafin ta shiga ƙasa ta ƙunshe kanta, daga baya ta fito da fukafukai.

Me ke sanar da jikin ƙwaro cewa lokacin saɓa ya yi? Kuma me ke yanke hukuncin ko zai fito a matsayin tsutsa mafi girma, ko kuwa wannan karon zai rikiɗe ya zama baligi? Homon guda biyu ne ke riƙe da wannan al'amari. Homon saƙo ne na sinadari wanda wani sashe na jiki ke haɗawa ya saka a jini, ya isa wasu sassan ya umarce su da wani aiki. Masu haɗa saƙon kuwa su ne inzayim, wato furotin da ke sa wani sinadari ya rikiɗe ya koma wani cikin gaggawa ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Mun daɗe muna aiki da inzayim tun kafin mu san sunansa. Bafulatanar da ke zuba ruwan tumfafiya a madara ta ga ta daskare ta zama cuku, da uwar gidan da ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda don ya yi laushi, duk inzayim suka sa aiki. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne kowane inzayim da irin aikinsa, kuma yawanci bai san wani aiki ba sai wannan.

An gano wannan tsari ne da zare da reza tun kafin a sami manyan na'urori. Tsakanin 1917 da 1922, wani masani ɗan ƙasar Folan mai suna Stefan Kopeć ya riƙa ɗaure tsutsa da zare tamau don ya hana jinin gaba haɗuwa da na baya. Ya lura cewa idan ya ɗaure da wuri, sashen da ke da kai ne kaɗai ke rikiɗewa, na baya ya tsaya a tsutsa; idan kuwa ya jinkirta ɗaurin, duka sassan biyu suna rikiɗewa, alamar cewa saƙon ya riga ya wuce. A shekarun 1930 Vincent Wigglesworth na Ingila ya yi aiki da wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka, ɗan uwan kuɗin-cizo, yana cire kawunansu yana haɗa jikin biyu su yi tarayya a jini, har ya nuna cewa wasu 'yan ƙulluta da ke bayan ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira kofora alata, suna fitar da sinadarin da ke tsare ƙwaro a ƙuruciya. A 1940 Soichi Fukuda na Japan ya nuna da tsutsar siliki cewa umarnin saɓa na fitowa ne daga wani ƙullutu da ke gaban ƙirji. Da aka haɗa waɗannan sai hoton ya fito: idan tsutsa ta ci ta kai wani nauyi, ƙwaƙwalwa tana sakin homon mai suna PTTH, shi kuma ya tada ƙullutun ƙirji ya fara haɗa homon ɗin saɓa, wanda ake kira ekdison.

Domin ku ji yadda wannan sinadari yake da ƙaranci a jiki, a 1954 Adolf Butenandt da Peter Karlson a Jamus sun tace kilo 500 na ƙunsassun tsutsar siliki, kimanin buhu biyar ke nan na mai kilo ɗari, suka sami miligiram 25 na tataccen ekdison. Wannan bai wuce nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Da kolestarol ake haɗa ekdison, wato sinadarin nan da likita kan ce ya yi wa mutum yawa a jini. Hantar ɗan Adam tana ƙera nata kolestarol, amma ƙwari ba su iya ba, saboda sun rasa wasu inzayim na wannan hanya, ciki har da wanda ke haɗa sinadarin sikwalin. Dole ne ƙwaro ya samo shi daga abinci. Mai shan jini ko cin nama yana samunsa kai tsaye, mai cin ganye kuwa yana ɗaukar dangin kolestarol da ke cikin tsirrai, kamar sitostarol, ya datse masa wani reshe a hanjinsa ya mai da shi kolestarol. Ke nan tsutsar da ke cin ganyen masararku ba ciki kaɗai take cikawa ba, tana tara kayan da za ta haɗa saƙon girmanta da su.

Mu mutanen Kebbi mun san shanshera ba ta zama shinkafar dafawa a hannu ɗaya. Sai an jiƙa, an guma, an shanya, an kai inji, an bakace, kuma mai inji ba zai karɓi wadda ba ta bushe ba. Haka kolestarol ke bi hannu-hannu a cikin ƙullutun ƙirji. Inzayim na farko, mai suna Neverland, yana cire masa ƙwayoyin haidirojin biyu ya mai da shi wani sinadari da ake kira 7-dihaidirokolestarol. An ba shi wannan suna ne daga wata ƙasa ta tatsuniyar Turawa inda yara ba sa girma, domin tsutsar ƙudan da aka kashe wa wannan inzayim takan tsaya a ƙarama har ta mutu. Daga nan sai a shiga wani yanki da masana suka laƙaba wa suna baƙin akwati, saboda sinadaran da ke tsaka-tsaki a wurin ba sa daɗewa balle a kama su a auna. An dai tabbatar cewa inzayim masu suna Shroud da Spook da ɗan uwansa Spookier suna aiki a ciki. Abin da ke fitowa daga akwatin sai ya faɗa hannun wasu inzayim uku, kowanne yana liƙa ƙwayar iskar oksijin haɗe da haidirojin a wani gurbi na musamman a jikin sinadarin: Phantom a gurbi na 25, Disembodied a na 22, Shadow a na 2. Da an kammala na ukun, ekdison ya samu, sai a sake shi cikin jini.

Ban da Neverland, waɗannan sunaye duk na fatalwa da inuwa da likkafani ne a Turanci, kuma akwai dalili. A farkon shekarun 1980 Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus da abokan aikinsu, waɗanda wannan aiki ya kai biyun ga lambar Nobel a 1995, sun tara dubban 'yan ƙudan nan na ruɓaɓɓun 'ya'yan itace masu naƙasa a ƙwayoyin gado. Wasu daga ciki sukan mutu tun suna cikin ƙwai ba tare da sun yi ɓawo na kirki ba, su zama fayau kamar babu kowa a ciki. Shi ya sa aka kira rukunin da sunan Halowin, bikin da Turawa ke shigar dodanni a ƙarshen Oktoba. Sai daga shekarar 2000 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya aka gane cewa abin da waɗannan ƙudaje suka rasa shi ne inzayim ɗin haɗa ekdison. Yawancinsu 'yan wani babban gida ne na inzayim da ake kira saitokurom P450, kuma ina roƙon ku riƙe wannan suna, domin za mu sake cin karo da shi a gidan sauro.

Ekdison ɗin da ya shiga jini bai gama nuna ba tukuna. A kitsen jikin ƙwaro da hanjinsa da bututun fitar da ƙazanta akwai inzayim mai suna Shade, wanda ke ƙara liƙi ɗaya a gurbi na 20, ya samar da abin da ake taƙaita sunansa da 20E. Shi ne ke shiga ƙwayoyin halittar fata ya kunna aikin ƙera sabon ɓawo. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: hawan 20E ne ke fara saɓa, amma sai ya sauka ƙwaro ke iya tsaga tsohon ɓawo ya fito. Don haka akwai inzayim mai suna CYP18A1 da aikinsa shi ne rusa saƙon idan ya gama isarwa. A nan magungunan ƙwari irin su tebufenozayid da metoksifenozayid suke kama tsutsa. Suna kwaikwayon 20E, tsutsa ta daina ci ta fara saɓa ba lokacinta ba, amma jikinta ba ya iya kawar da su, sai ta mutu a tsakanin riga biyu.

Homon na biyu shi ne homon ɗin ƙuruciya, wanda kofora alata ke haɗawa. Muddin yana nan da yawa a jini lokacin da 20E ya hau, tsutsa za ta saɓe ta sake fitowa tsutsa. Ranar da 20E ya hau bai tarar da shi ba, ranar ce rikiɗa ke farawa. Shi wannan homon, ƙwaro daga tushe yake ƙera shi, ta wata hanya mai matakai goma sha uku. Matakan farko iri ɗaya ne da waɗanda hantarmu ke bi wajen haɗa kolestarol, har da inzayim ɗin HMG-CoA ridoktes, wanda magungunan sitatin da ake ba masu yawan kolestarol ke toshewa. An ma gwada a ɗakin bincike an ga irin waɗannan magunguna suna rage haɗa homon ɗin ƙuruciya a ƙullutun ƙwari. Hanyar tana tafiya har ta kai wani sinadari mai suna fanesil fairofosfet, a nan ne ta rabu biyu. A jikinmu ta miƙe zuwa kolestarol. A jikin ƙwaro wancan ɓangaren a toshe yake, sai ta karkata zuwa fanesol, sannan fanesoyik asid. A ganina wannan shi ne wuri mafi ban sha'awa a dukan darasin: rashin inzayim ɗin da ya tilasta wa ƙwaro neman kolestarol a abinci yana daidai mararrabar da homon ɗinsa na biyu ya samo asali.

Inzayim biyu ne ke rufe aikin. Ɗaya ana kiransa JHAMT, wanda Tetsuro Shinoda da Kyo Itoyama suka gano a tsutsar siliki a 2003, ɗayan kuma CYP15, ɗan gidan P450, wanda aka fara bayyana aikinsa a jikin wani kyankyaso a 2004. JHAMT kamar mai gadin ƙofa yake, domin a matakin tsutsa na ƙarshe jiki kan kashe shi, homon ɗin ƙuruciya ya ƙafe, wasu inzayim kuma su share ragowar da ke cikin jini. Masu kiwon tsutsar siliki a Japan sun daɗe da sanin wani iri da ke yin gaggawar ƙunshewa tun yana ƙarami, bayan saɓa biyu ko uku maimakon huɗu, kuma a 2012 aka tabbatar cewa CYP15 ɗinsa ne ya lalace.

Tsirrai sun riga mu sanin wannan lagon. A tsakiyar shekarun 1960 Karel Sláma ya kawo wasu ƙwari daga birnin Prag zuwa ɗakin binciken Carroll Williams a jami'ar Harvard, sai suka ƙi balaga, suna ƙara saɓa suna zama manyan yara suna mutuwa. Bayan dogon bincike aka gano cewa takardar da aka shimfiɗa musu ce sanadi, domin an yi ta da wani itace na Arewacin Amurka mai ɗauke da sinadarin da ke kwaikwayon homon ɗin ƙuruciya. A 1976 kuma William Bowers ya samo akasin haka a wata fure mai suna Ageratum: sinadarin firikosin, wanda inzayim ɗin kofora alata da kansa ke mai da shi guba, gubar ta kashe ƙullutun, ƙwaron ya balaga tun bai isa ba, ya fito ɗan tsurut kuma bakarare. Firikosin bai zama maganin kasuwa ba, amma masu kwaikwayon homon ɗin ƙuruciya sun zama: metofirin, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1975, da firifiroksifen da ya biyo baya. Idan aka zuba su a ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa, tsutsar tana ci gaba da wutsil-wutsil kamar lafiyarta ƙalau, amma ba ta fitowa ta tashi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Nijeriya, kuma jiharmu na cikin biyun da aka fara allurar rigakafin cutar a Disamban 2024. Macen sauro tana shan jini ne don ta yi ƙwai. Da ta sha, jakar ƙwanta ke haɗa ekdison, kitsen jikinta ya mai da shi 20E, shi kuma ya sa a ƙera gwaiduwa. Namijin Anofilis, wato irin sauron da ke yaɗa zazzaɓin, shi ma yana ba ta wani nau'i na wannan homon lokacin barbara. Gidan sauro mai ɗauke da firifiroksifen, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi bisa sharaɗi a 2023, yana dagula wannan lissafi ne, macen da ta taɓa shi ta kasa yin ƙwai masu ƙyanƙyashewa. Su kuma 'yan gidan P450 da na ce ku riƙe, wasunsu, irin su CYP6P3 da CYP6M2, su ne ke narkar da firetiroyid, maganin ƙwarin da ake sa wa gidan sauro, a jikin sauro har ya daina jin magani. Gidan sauro mai alamar PBO yana ɗauke da sinadarin da ke toshe waɗannan inzayim don maganin ya sake kamawa.

Yanzu bari mu dawo gona, ga itacen da ke ƙofar gidan kusan kowa, wato dogon yaro ko darbejiya. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fari sun cinye ganyen itatuwa a Sudan sun bar wannan, kuma a 1968 aka tace sinadarin da ke da alhakin haka, mai suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro ci, sannan yana hana ƙwaƙwalwa sakin PTTH yadda ya kamata, sai hawa da saukar ekdison su rikice, layin inzayim ɗin da muka bi ɗazu ya rasa mai ba shi umarni a kan lokaci.

Na ga wannan da idona a gonar kawuna, a wani ƙauye kusa da Jega. Tsutsa ta shiga masararsa, muka daka 'ya'yan darbejiya muka jiƙa suka kwana, muka tace da ƙyalle, muka zuba a tsakiyar kowane tsiro da yamma. Washegari da sassafe ya buɗe tsakiyar wata masara ya ga tsutsa tana motsi, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga ruwa naka wanka kurum ya yi musu." Na ce, "Kawu, a yi mini haƙuri zuwa kwana huɗu, kada a dubi motsinsu, a dubi kashinsu." Ya saba da maganin da ke kama jijiya, wanda ake fesawa a ga ƙwaro ya faɗo nan take, don haka ban ga laifinsa ba. Da kwanakin suka cika, sabon kashin nan mai kama da jiƙaƙƙiyar dusa ya ragu sosai, ƙananan tsutsotsin kuma muka same su sun yamushe, wasu da tsohon ɓawon kai maƙale a bakinsu. Manyan da suka riga suka ƙoshi kuwa yawancinsu sun tsira, sai da muka bi muka tsince su da hannu.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan rashin fahimta ke jawo wa manomanmu asara. Mutum ya fesa magani mai dagula homon, ya ga bai kashe a ranar ba, sai ya ce jabu ne, ya ninka awo ko ya gauraya da wata guba mai ƙarfi, ya kashe zuma da zanzaro da gizo-gizon da ke taya shi cin tsutsa, ragowar kuma ta gangara ruwan fadama inda muke kamun kifi. Maganin da ke aiki ta hanyar saɓa ba ya nuna ƙarfinsa sai lokacin saɓa ya zo, kuma ya fi kama tsutsa tun tana ƙarama, tana da sauran saɓa da yawa a gabanta. Game da darbejiya kuwa, sinadarin ya fi yawa a ƙwayar 'ya'yan fiye da ganye, rana tana lalata shi cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake fesawa da yamma kuma a maimaita bayan kamar mako guda. Kawu yanzu ba ya jiran ganin manyan huji a ganye. Tun masara tana da ganye uku ko huɗu yake zagayawa da safe yana neman 'yan kankare-kankaren nan farare da sabuwar ƙyanƙyasa ke bari, da ya gan su sai ya aika a ɗebo masa 'ya'yan darbejiya.